Liyari, Sule da Jabu: Yadda Ake Gane Tsohon Kuɗin Azurfa Kafin a Saye Shi ta Intanet

Gabatarwa

Bara, lokacin da ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa take shirin bikin Makon Hausa, an ɗora mini nauyin haɗa teburin nunin tsofaffin kuɗi. Dalilin zaɓena kuwa shi ne na taɓa yin jinga a kan sunayen kuɗi a Hausa, malam ya yaba a gaban aji, sai 'yan'uwa suka ɗauka na san kuɗin kamar yadda na san sunayensu. Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Wuri bai yi mini wuyar samu ba. Anini da ɗari da kwabo mai huji kuma na aro su wajen wani dattijo a masallacinmu. Abin da ya gagara shi ne liyari, wato babbar kwandalar azurfar nan mai hoton mace a fuska ɗaya, da mikiya mai kai biyu a ɗaya fuskar.

Ana saura mako biyu biki na ci karo da tallarsa a wani dandalin saye da sayarwa na intanet. Mai tallar ya rubuta cewa tsohon kuɗin azurfa ne na shekarar 1780, na gado, yana sheƙi kamar yau aka buga shi. Hoto guda ya sa. Na tura masa kuɗin ƙungiya, bayan kwana uku direban wata mota ya kira ni na je tasha na karɓo saƙo. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da na koya daga wannan cinikin biri a sama, domin kada wani daga cikinmu ya maimaita, musamman masu sha'awar nazarin al'ada da kayan tarihi.

Sunayen da muka sani

Bari in fara da abin da ya fi kusa da fagenmu. Kusan duk sunayen tsabar kuɗi a Hausa baƙi ne, kuma kowane suna yana nuna hanyar da kuɗin ya biyo ya iso mana. Ita kanta kalmar azurfa daga harshen Buzaye muka aro ta. Liyari daga riyal na Larabci ne, domin fataken Sahara ne suka shigo da shi. Barebari na kiransa gursu. Sule da sisi da kwabo da fam na Turancin Ingilishi ne, bakin Bahaushe ya tanƙwasa su. Ɗari kuwa, wato rabin kwabo, kalmarmu ce ta ƙidaya, ta tuna mana zamanin da ake lissafin sabon kuɗi da wuri.

Dala ta fi su doguwar tafiya. A wajajen 1520 aka fara buga wata babbar kwandalar azurfa a wani gari mai suna Yowakimstal, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek. Jamusawa suka gutsure sunan suka ce tala, daga nan Turawan Ingila suka sami tasu kalmar, wadda ita ce sunan kuɗin Amurka a yau. A wurinmu dala ta zauna a kan sule biyu, a Nijar kuma har gobe tana nufin faran biyar na sefa.

Sai kalmar da ta shafe ni kai tsaye, jabu. Masana harshe suna danganta ta da sunan Ijabu, saboda a shekarun 1920 da 1930 an yi ta shari'o'in masu ƙera sulen bogi a wannan yanki, har sunan ya bi kayan zuwa kasuwannin Arewa. Mu da muke karatu a nan Kudu ya kamata mu faɗi wannan da ladabi, mu kuma ƙara da gaskiyar cewa masu wannan sana'a ba gari ɗaya suke ba, ko a da ko a yanzu. Kalma ce dai ta kama suna ta ƙi saki.

1780 ba shekarar haihuwa ba ce

Kuskurena na farko ba a kan ƙarfe na yi shi ba, a kan karatu na yi shi. Na ga 1780 na ɗauka shekarar da aka buga kwandalar ke nan. Matar da ke jikin liyari ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. An fara buga kuɗi da hotonta a 1741. Bayan rasuwarta, da yake 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan ba su yarda da wata kwandala in ba wannan ba, sai aka ci gaba da buga ta da wannan hoton da wannan shekarar, ba a sauya ba. A 1858 ta daina zama kuɗin hukuma a Ostiriya kanta, amma bugu bai tsaya ba. An buga ta a Biyana da Milan da Benis, daga shekarun 1930 kuma har a Rum da Landan da Faris da Burasal, aka kuma buga a Bombai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Adadin da aka buga ya haura miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga ta har yau, da 1780 ɗin nan a jikinta.

Ta Tarabulus da Fezzan ta gangaro Borno da ƙasar Hausa. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Da Turawan mulki suka kawo nasu kuɗin, liyari ya koma akwatin mata da uwar maƙera. Aka yi masa kunne aka rataya, aka jera shi a kitson matan Fulani, aka narka da yawa aka yi zobba da warwaro.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, liyari na iya zama na gaskiya, azurfarsa cikakkiya, amma bai girmi ƙanenka ba. Irin wannan ba jabu ba ne, sai dai kuma ba kayan tarihi ba ne, kuma kuɗinsa bai kamata ya yi nisa da kuɗin azurfar da ke cikinsa ba. Masana sukan bambance bugun da da na baya-bayan nan ta ƙananan alamomi: siffar maɓallin da ke kafaɗar sarauniyar da yawan ɗigon da ke kewaye da shi, da gashin jelar mikiya, da siffar alamar X da ke bayan shekarar. Wannan fage ne mai zurfi da ke bukatar littafi da gogewa. Mu dai abin da ya ishe mu shi ne, duk mai tallar da hujjarsa ta tsufa ita ce 1780 kaɗai, to ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma yana fatan kai ba ka sani ba.

Gaban maƙerin fari

Da na kwance saƙona a ɗaki na yi murna, domin kwandalar fara ce fes. Wani abokin kwanana ne ya ce tun da kuɗin jama'a ne, in kai wa masu sana'ar su gani. Na nufi Sabo, wurin wani tsoho maƙerin fari da ya shekara fiye da arba'in yana ƙera zobba da awarwaro. Bayan gaisuwa na miƙa masa. Bai ko kalli hoton ba. Ya ɗora ta a kan ɗan yatsansa, ya ɗauko wata kwandala ya ɗan ƙwanƙwasa gefenta. Ta ce "ƙwas", ta yi shiru. Ya buɗe wani gwangwani ya fito da tasa ya yi mata haka, sai ga wata ƙara siririya tana ta ja kamar ba za ta ƙare ba.

Ya ce, "Ɗana, nawa ka bayar?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Azurfa tana da murya. Wannan taka bebiya ce."

Na ce, "Baba, ko don ta daɗe ne?"

Ya yi dariya ya ce tsufa ba ya hana azurfa magana, sai in ta tsage.

Wannan shi ne gwaji na farko, kuma shi ne na kakanninmu. Amma kunne na iya yaudarar wanda bai saba ba, don haka sai an haɗa da awo. Liyari yana da ma'auni tsayayye wanda bai canza ba tun ƙarni na 18. Nauyinsa giram 28.07 ne, faɗinsa milimita 40 ko ƙasa da haka kaɗan ko sama kaɗan, kaurinsa wajen milimita biyu da rabi. A cikin kashi 1,000 na ƙarfensa, kashi 833 azurfa ce, sauran jan ƙarfe, wato akwai azurfa zalla giram 23.4 a cikinsa. Wanda ya sha hannu zai iya raguwa da ɗan abin da bai kai giram ɗaya ba. Tawa da Baba ya ɗora a ƙaramin sikelinsa na masu gwal, giram 24.6 ta nuna.

Dalilin da ya sa awo ke tona asiri shi ne, azurfa ta fi yawancin ƙarafan da ake kwaikwayonta da su nauyi. Idan aka auna nauyin kowane ƙarfe da na ruwa mai girmansa, azurfa zalla ta ninka ruwa sau 10.5, jan ƙarfe kusan sau 9, baƙin ƙarfe kusan sau 8, tutiya kuwa sau 7 da ɗan ɗori. Saboda haka mai jabu yana cikin tsaka mai wuya. In ya daidaita girma, nauyi ya gaza. In ya cika nauyi, dole kwandalar ta yi kauri ko faɗi fiye da ƙima. Shi ya sa ba a tambayar nauyi kaɗai, sai an haɗa da faɗi da kauri.

Akwai wani gwaji da na koya daga baya wajen wani ɗalibin sashen kimiyya, wanda ke haɗa waɗannan duka wuri ɗaya, kuma ba ya taɓa lafiyar kwandala. A fara auna ta a rubuta. Sai a ɗora kofin ruwa a kan sikeli a mayar da lambar sikelin sifiri. A ɗaure kwandalar da zare a zura ta cikin ruwan har ta nutse duka, amma kada ta taɓa gindin kofi ko gefensa. Lambar da sikeli ya nuna ita ce nauyin ruwan da kwandalar ta ture. Sai a raba lambar farko da ta biyu. Liyarin ƙwarai zai nuna kimanin giram 2.75 a ruwa, in aka raba a sami wajen 10.2. Tawa ta nuna 2.8, da muka raba 24.6 da ita muka sami 8.8, wato dangin jan ƙarfe ce aka yi wa ruwan azurfa. Dalma ce kaɗai cikin ƙarafa masu araha ke iya ruɗa wannan lissafi, domin ta fi azurfa nauyi, amma ita kuma ba ta da murya ko kaɗan, ga taushi.

Mayen ƙarfe ma yana da amfani, amma rabin amfani. Ba ya kama azurfa, don haka in ya kama kwandala magana ta ƙare. In bai kama ba kuwa ba a ce komai ba tukuna, domin ba ya kama tagulla da dalma da tutiya. Masu talla sun san mutane sun ji labarin wannan gwaji, shi ya sa za ka ga bidiyo ana ta goga mayen ƙarfe a kan kwandala kamar an kawo shaidu huɗu.

Wani abu da ban yarda da Baba a kansa ba, duk da girmansa, shi ne da ya ɗauko zarto zai kankare gefen wata kwandala ya ɗiga mata ruwan gwaji. Ga maƙeri wannan daidai ne, domin narkawa zai yi. Ga mai adana kayan tarihi kuwa tabo ne da ba ya gyaruwa.

Bugu da zubi

Kuɗin gaskiya bugawa ake yi. Ana sa faifan ƙarfe tsakanin hatimai biyu na ƙarfe mai tauri, inji ya matse shi da ƙarfin gaske, sai rubutu da zane su fito da kaifi. Mai jabu na ƙaramin jari zubi yake yi: ya danna kwandalar gaskiya a cikin yumɓu ko yashi mai laushi, ya narka ƙarfe ya zuba a gurbin. Zubi yana barin sawu. Haruffa kan yi kumburi, bakinsu ya dakushe kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Fili kan yi ƙananan ramuka da ƙuraje inda iska ta maƙale. A gefe kuma akan ga siririn layi inda ɓangarorin gurbin biyu suka haɗu, ko sawun zarto inda aka goge layin.

A liyari gefen nan shi ne babban mai shaida. Ba zara-zaran layuka ne da shi irin na sule ba. Rubutu ne da ya taso sama, da 'yan zane-zanen ado a tsakani, yana cewa IUSTITIA ET CLEMENTIA, wato adalci da rangwame, taken sarauniyar da harshen Latin. An yi shi ne tun asali don a hana masu gutsurar gefen kuɗi. A tawa kwandalar rubutun ya kasance, amma kamar an rubuta da yatsa a kan tuwo, rabin kalma ta biyu ma ya ɓace. Mai tallar bai sa hoton gefe ba, ni kuma ban tambaya ba.

A nan ne ɗalibin harshe ya fi wasu dama. Mun saba gane wanda bai iya ƙa'idar rubutun Hausa ba da kallo ɗaya, daga inda ya bar lanƙwasa ko ya haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Haka za mu karanta kwandala, harafi bayan harafi. A fuskar sarauniya an rubuta M. THERESIA D. G. R. IMP. HU. BO. REG., taƙaitattun kalmomi ne masu ma'anar Mariya Tereza, da yardar Allah sarauniyar Rumawa, sarauniyar Hangare da Bohemiya. A ƙarƙashin hoton akwai S.F., haruffan farko na sunayen jami'ai biyu na gidan buga kuɗi na Gunzbag. Bayan kuma yana lissafa sauran sarautunta, na Ostiriya da Burgundi da Tirol, ya ƙare da 1780 da alamar X. Mai jabun da ya sassaƙa nasa hatimin yana kwafar harshen da bai sani ba ne, sai ka ga harafi ya juya baya, ko ɗigo ya yi tsalle, ko tazara ta ɓaci. A nemi hoton liyarin gaskiya daga shafin gidan tarihi ko na gidan buga kuɗi, a jera da na mai talla, a bi su sannu a hankali kamar mai duba jarrabawa. Sai dai a sani, akwai masana'antun da a yau suke buga jabu da inji, rubutunsu tsaf. Waɗannan sikeli da ruwa ne maganinsu.

Sule fari, sule ja

Ba liyari kaɗai ake talla ba. An fi ma tallar kuɗin zamanin Turawa, kuma a nan sanin shekaru kaɗai ya isa ya tsare aljihu. An kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, a 1913 ta fito da dala da sule da sisi da taro na azurfa, masu hoton Sarki Joji na Biyar, dala da sule kuma da bishiyar kwakwar manja a baya. Azurfarsu kashi 925 ce cikin 1,000. Sule giram 5.66 ne, dala giram 11.31. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1920 aka koma buga su da tagulla mai ruwan ɗorawa. Saboda haka duk sulen Afirka ta Yamma mai hoton Sarki Joji na Shida, wanda ya hau mulki a 1936, ba azurfa ba ne, komai farinsa. In ya yi fari to shafa masa aka yi. Sule da dala na Nijeriya na 1959 farare ne tun asali, amma haɗin jan ƙarfe da nikel ne. Haka kuma anini da ɗari da kwabo masu huji, ba a taɓa yin su da azurfa ba. Na sha ganin ana tallar kwabo mai huji da sunan azurfar Turawa, har ana raɗe-raɗin wai akwai masu sayensa da miliyoyi. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya karɓi miliyoyin ba, sai waɗanda suka ji a bakin wani.

Gyaran gangar Auzinawa

Kashi na biyu na labarina ya fi yi mini ciwo, domin a nan ba a cuce ni ba, ni na yi ɓarnar. Da Baba ya ga halin da nake ciki, sai ya haɗa ni da wata Hajiya, matar wani tsohon falken goro, wadda ta ara mana liyarin da ta gada wajen mahaifiyarta. Ya cika awo, muryarsa garau, amma ya yi duhu, launinsa kamar na toka da ɗan shuɗi-shuɗi a gefe. Daren jajiberin biki na ce ai ba za mu nuna wa baƙi abu da dauɗa ba. Muka samo toka da lemon tsami, muka kammala da man goge baki da soson waya. Ya fito fari tas, muka yi ta yaba kanmu.

Da na mayar ta hannun Baba, ya juya shi a hasken ƙofa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kun wanke masa shekarunsa."

Duhun da ke hawa kan azurfa ba dauɗa ba ce kuma ba tsatsa ba ce. Farar wuta ce da ke cikin iska da hayaƙi da gumi take haɗuwa da fatar azurfar a hankali, shekara da shekaru, ta yi mata wata siririyar riga. Masu tara tsofaffin kuɗi wannan rigar suke so, domin ita ce shaidar cewa ba a taɓa fuskar kwandalar ba. Kuma ba a cire ta sai an tafi da wani abu na azurfar. Kamfanonin da ke tantance darajar tsofaffin kuɗi a Amurka, irin su PCGS da NGC, in suka ga alamar wanki ba sa ba kwandala cikakken maki, sai su rubuta a jikin marufinta cewa wankakkiya ce, farashinta kuma ya faɗi.

To yaya ake gane wankakkiya? Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi saɓani tsakanin lalacewa da sheƙi. Kwandalar da ta yi yawo har gashin sarauniya ya shafe, kumatunta ya baje, ba ta da dalilin yin walƙiya. Tsohuwa ce da hoda. Sheƙin asali kuma daban yake da na guga. Lokacin bugu ƙarfe yakan malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar wasu layuka da ido ba ya gani, su ne ke sa in ka juya sabuwar kwandala a ƙarƙashin fitila ka ga haske yana zagayawa kamar fukafukan fanka. Guga tana kashe wannan. Abin da ke saura shi ne ƙyalli irin na cokali, ko wani fari matacce in da ruwan magani aka tsoma ta. Sannan a karkata ta a hasken fitila guda, a duba da gilashin ƙara girma. Za a ga ƙananan ƙarce masu yawa kamar gashi, duk sun nufi gefe ɗaya ko suna zagaye, saɓanin ƙarcen yawo da ke warwatse ko'ina. A ƙarshe a duba lungunan haruffa da tsakanin gashin mikiya. Soso ba ya shiga can, don haka baƙi kan maƙale a kewayen kowane harafi alhali fili ya yi fari.

Masu wayo kuma sukan wanke sannan su mayar da duhun ƙarya, da gwaiduwar dafaffen ƙwai ko hayaƙi ko man takalmi, don su rufe ƙarcen ko su tsofar da jabu. Duhun gaskiya yakan fi yawa a gefe da lunguna, ya yi sauƙi a wuraren da yatsa ke taɓawa, kuma launinsa yana shiga juna a hankali. Na ƙarya yakan kwanta bai ɗaya ko ya yi dabbare-dabbare, wani ma ya biyo farin ƙyalle in an ɗan shafa. A ƙasarmu akwai ƙarin abin dubawa: saman kan sarauniya. Da yake an rataya liyari da yawa, akan cire kunnen ko a toshe hujin kafin a sayar, sai a bar tabon walda ko wuri mai santsi inda rubutun gefe ya yanke.

Ba na cewa wanke azurfa laifi ne. Iyayenmu mata suna wanke warwaronsu da tsamiya, kuma kayan ado don ya yi kyau aka yi shi. Da na je na faɗa wa Hajiya abin da muka yi, da abin da Baba ya ce, sai ta karɓa ta duba ta ce, "Yaro, ni ai ba na sayarwa ba ne. Haka yake a wuyan Inna ranar sallah." Ta sa mana albarka. Wannan karamcinta ne, bai mayar da abin da muka kankare ba. Inda laifi yake shi ne a wanke, ko a toshe, a kuma ɓoye wa mai saye. Sunan wannan a Hausa algus.

Harshen mai talla

Da na koma na sake karanta tallar da ta kama ni, sai na ga babu kalma ɗaya a cikinta da za a iya aunawa. "Na gado" ba ta da sikeli. "Yana sheƙi" kuwa aibi ne aka yi wa kwalliya ya zama yabo. Irin su "an tono shi a tsohon gida", "saura guda ɗaya", "wani ma yana nema", duk aikinsu shi ne su hana ka tsayawa ka yi tambaya. Mai kayan ƙwarai lambobi yake bayarwa.

Yanzu kafin in tura ko sisi, nakan nemi hoton fuska biyu da na gefe a hasken rana, ba mai walƙiyar kyamara ba, domin haske mai yawa yana haɗiye ƙarce. Nakan nemi hoton kwandalar a kan sikeli lambar tana fitowa, da wani kusa da rula, da wata 'yar takarda a gefe mai ɗauke da kwanan watan ranar da wata kalma da ni na zaɓa, don in tabbata kayan yana hannunsa ba hoton wani ya ɗauko ba. Nakan kuma sa hoton tallar a manhajar binciken hoto in ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Sai gajeren bidiyo yana juya ta a hankali a ƙarƙashin fitila, ya kuma ƙwanƙwasa ta in ji. Sannan in duba farashin azurfa na ranar in lissafa kuɗin giram 23.4. Wanda ya sa liyari ƙasa da haka, sai ka tambayi kanka me ya hana shi kai wa maƙeri ya karɓi kuɗinsa a take. In gari ɗaya muke, sharaɗina shi ne mu haɗu a rumfar Baba. Mutum biyu na yi wa wannan tayi tun daga lokacin, ɗaya ya zo, ɗaya ya daina amsa saƙo.

Wanda ya sayar mini da tawa kuwa, lambarsa ta daina shiga tun ranar da na ambaci sikeli. Kuɗin ƙungiya na biya daga aljihuna cikin wata uku. Kwandalar tana nan wurina, na haɗa ta da zare da ƙaramin sikeli a cikin wani gwangwanin madara. Duk mai son ya ji muryar jabu da kunnensa, ko ya gwada lissafin ruwan nan da hannunsa, ya same ni a sashe bayan lacca.